Sharhi: Ko Toshe Kafafen Sada Zumunta Zai Amfani Mazauna Bakin Kogin Wudil Lokacin Ambaliya?

Duk shekara idan damina ta yi nisa, musamman daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, hankalin mazauna bakin kogi a Ƙaramar Hukumar Wudil da maƙwabtanta irin su Warawa da Dawakin Kudu da Gaya da Ajingi yakan koma kan abu guda, wato ruwa. Manomin fadama yana duban shinkafarsa, masunci da mai haƙar yashi suna duban yadda kogi ke cika, magidanci kuma yana duban gindin katangarsa ta ƙasa. A 'yan shekarun nan wani abu ya ƙaru a kan wannan fargaba, shi ne saƙonnin da ke yawo a wayoyin hannu. Wani zai aiko da murya yana cewa an buɗe madatsar Tiga, wani ya ce ta Challawa ta tsage, wani kuma ya saka hoton bidiyo na ruwa yana cin gidaje ba tare da ya faɗi sunan garin ko ranar da abin ya faru ba. Wannan ne ya sa ake jin wasu daga cikin jama'a suna tambayar abin da zai hana gwamnati ta toshe Facebook da WhatsApp da TikTok a irin wannan lokaci, har sai ruwa ya janye, hankali ya kwanta.

Tambayar ba ta wasa ba ce, kuma masu yin ta suna da hujjarsu. To amma kafin a amsa ta, ya kamata a fara duban inda Wudil take zaune, sannan a dubi abin da ya faru a wuraren da aka taɓa gwada irin wannan mataki.

Kamar yadda aka sani, kogin da ya ratsa Wudil ba ruwan Wudil kaɗai yake ɗauke da shi ba. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga, madatsar da aka kammala a shekarar 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da Kogin Challawa, wanda aka datse a yankin Ƙaraye a shekarar 1992, suna haɗuwa ne kafin su iso garin. Daga nan ruwan ya bi ta ƙarƙashin gadar da ke kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ya nufi Ringim da Haɗeja a Jihar Jigawa. Ma'anar wannan ita ce, ana iya yin kwana biyu ba a ga ɗigon ruwan sama a Wudil ba, amma kogi ya tumbatsa saboda ruwan da aka sheƙa a Tudun Wada ko Rano ko Ƙaraye. Mutumin da ke bakin kogi ba zai gane haɗarin da ke tafe ta hanyar duban sama ba. Dole sai wani da ke can sama ya faɗa masa. Saboda haka labari a wurinsa ba abin hira ba ne, shi ne zai sa ya kwashe hatsinsa da dabbobinsa da iyalinsa a kan lokaci ko kuma ya yi barci ruwa ya same shi.

Dattawa ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ba. Haka nan ambaliyar ƙarshen watan Agustan 2001, wadda ta shafi Wudil da wasu ƙananan hukumomin Kano da Jigawa, ta cinye gonaki da gidaje, aka kuma yi asarar rayuka. Wani abin lura shi ne, a cikin wannan wata na Agustan 2001 ne aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya, kuma a lokacin sai a manyan birane, a hannun masu hali. Wato mutanen ƙauyukan bakin kogi sun gamu da waccan ambaliya ne a cikin irin yanayin da masu neman a toshe kafafe suke kira a koma: babu saƙon ƙarya a waya, amma kuma babu na gaskiya. Jita-jita kuwa ba ta fasa yawo ba, domin ta girmi waya. A kasuwar Juma'a ta Wudil, inda fatake da dillalan shanu ke taruwa daga jihohi daban-daban, magana takan zaga gari kafin la'asar ko da babu na'ura ko ɗaya.

Akwai kuma wata matsala da ba kasafai ake son ambatonta ba, ita ce wane ne zai yanke hukuncin cewa wannan magana jita-jita ce, waccan kuma gaskiya. Idan ba a manta ba, a watan Satumban 2010, lokacin da ruwa ya mamaye sassa da dama na Jihar Jigawa, gwamnatin jihar ta ce sakin ruwa daga madatsun Tiga da Challawa ne ya jawo bala'in, yayin da jami'an Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are suka musanta, suka ɗora abin a kan yawan ruwan sama. Ga hukumomi biyu na gwamnati, kowacce da nata bayani. Da a ce wani matashi ne a Wudil ya rubuta ɗaya daga cikin maganganun nan biyu a shafinsa, wacce za a kama shi a kanta?

Misalin Maiduguri ya fi wannan tayar da hankali. Kwanaki kaɗan kafin madatsar Alau ta ɓalle a daren 9 ga Satumba wayewar 10 ga wata a shekarar 2024, jama'a sun yi ta bayyana fargabarsu, jami'an gwamnatin jihar kuma suka ziyarci wurin, suka kwantar wa mutane da hankali. Daga baya ruwa ya shiga birnin, ya mamaye fadar Shehu da Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallansu. Ba muna cewa jami'an sun yi nufin yaudara ba ne. Mai yiwuwa abin da suka gani ke nan a ranar da suka je. Abin da muke cewa shi ne, maganar da aka ɗauka ta masu tayar da hankali ce ranar Alhamis tana iya zama gaskiya ranar Talata. Bayan ruwan ya shigo kuwa, ta waɗannan kafafe ne mutanen da suka maƙale a kan rufin gidaje suka riƙa sanar da inda suke, iyaye suka riƙa cigiyar 'ya'yansu, aka kuma tara gudummawa daga ko'ina a ƙasar nan.

Game da ikon toshewa kuwa, ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da masu riƙe da sarautun gargajiya su fahimci cewa harkar sadarwa tana cikin jerin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya. Ƙaramar hukuma ba ta da hurumin rufe layin waya, gwamnatin jiha ma iyakarta ta nema. Hukumar Kula da Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ita ke ba kamfanonin waya umarni. A shekarar 2019 Sanata Muhammad Sani Musa daga Jihar Neja ya gabatar da ƙudurin da zai ba hukumomi ikon toshe shafukan da ke yaɗa ƙarya, amma ya gamu da suka mai zafi a zaman jin ra'ayin jama'a, bai kuma zama doka ba.

Manyan toshewa guda biyu da ƙasar nan ta gani a shekarar 2021 ba don ambaliya aka yi su ba, amma akwai darasi a cikinsu. Ta farko ita ce dakatar da Twitter, wadda Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya sanar ranar 4 ga Yuni, 2021, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Sai ranar 13 ga Janairu, 2022 aka ɗage ta, wato bayan kwana 222, kuma a watan Yulin 2022 Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa matakin ya saɓa wa haƙƙin faɗin albarkacin baki. A tsawon waɗannan watanni, masu ilmin na'ura sun ci gaba da shiga shafin ta ɓarauniyar hanyar da ake kira VPN. Wato toshe shafi guda yakan tsare mai ƙaramin sani ne kawai, gwanayen harkar kuwa, waɗanda a cikinsu ne masu ƙirƙirar ƙarya da gangan suke, sukan zagaye shingen cikin 'yan mintoci.

Ta biyu ta fi kusa da mu, ta kuma fi kama da abin da zai sami ƙauye. A farkon watan Satumban 2021, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya baki ɗaya a Jihar Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga. Daga baya aka faɗaɗa matakin zuwa ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, da wasu sassan Sakkwato da Kaduna. Ko matakin ya karya lagon 'yan bindiga ko bai karya ba, wannan muhawara ce ta masana tsaro. Abin da talaka ya gani dai shi ne, masu sana'ar POS sun rufe, aika kuɗi ya tsaya, mutane sun riƙa yin doguwar tafiya zuwa garuruwan da ke da sabis don kawai su kira 'yan uwansu, kuma ƙauyen da aka kai wa hari cikin dare ba shi da hanyar neman ɗauki. A can aƙalla akwai maƙiyi mai amfani da waya, wanda ake son a katse masa hanya. Ruwa kuwa ba ya amfani da waya. Idan aka rufe layi lokacin ambaliya, babu abin da aka rage wa kogi. Wanda ke cikin ruwan kaɗai aka raba da igiyar da zai kama.

A ƙasashen waje an gwada abin a tsakiyar bala'i kai tsaye. Bayan girgizar ƙasar da ta afka wa Turkiyya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, wadda ta hallaka mutum fiye da 50,000 a ƙasar, hukumomi sun taƙaita shiga Twitter ranar 8 ga wata, a daidai lokacin da ake sukar gwamnati kan jinkirin kai agaji. Alhali kuwa mutanen da gine-gine suka danne suna amfani da shafin wajen rubuta adireshinsu, masu aikin ceto na sa kai kuma suna bin waɗannan saƙonni gida-gida. Kafin gari ya waye washegari aka buɗe, saboda ƙorafin da ya taso daga ciki da wajen ƙasar. A ƙasar Myanmar ma, rufe intanet da sojoji suka yi a yankunan da ake rikici ya kawo cikas ga aikin agaji bayan girgizar ƙasar 28 ga Maris, 2025.

Duk da haka, ba adalci ba ne a yi kamar saƙon ƙarya ba ya kisa. A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya zaga ƙasar nan cikin dare ɗaya yana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, kuma an samu waɗanda suka rasa rayukansu, wasu da dama aka kwantar da su a asibiti. A batun ambaliya, illar tana da fuskoki da yawa. Shelar ƙarya cewa madatsa ta fashe tana iya sa mutane su yi rububin tserewa cikin duhu, a tattake yara da tsofaffi, a cika kwalekwale fiye da ƙima. Ɓarayi suna iya amfani da ita su kwashe abin da aka gudu aka bari. 'Yan damfara sukan buɗe asusun banki da sunan tallafa wa waɗanda abin ya shafa. Mafi muni a ganinmu shi ne, mutumin da aka tayar sau biyu a banza, ran da gargaɗin gaskiya ya zo ba zai motsa ba. Wannan ita ce asarar da ba a gani sai ranar da ta bayyana.

To amma maganin wannan yana cikin dokar da ake da ita. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin karɓa da isar da labari, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wannan 'yanci ta hanyar doka domin kare lafiya da zaman lafiyar jama'a. Sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, bayan gyaran da aka yi masa a shekarar 2024, ya tanadi hukunci ga wanda ya aika saƙon da ya san ƙarya ne da nufin haddasa rikici ko jefa rayuka cikin haɗari. A lura da sharuɗɗan nan biyu: ya san ƙarya ne, kuma da nufi ya yi. Matar da ta tura wa ƙanwarta saƙo cikin tsoro don ta kwashe yara ba ta cikin wannan. Haka nan matashin da ya ɗauki hoton gadar ƙauyensu da ruwa ya karya, ko ya koka cewa kayan agaji ba su iso unguwarsu ba. Irin wannan ba mai laifi ba ne, hasali ma aiki ya taya hukuma, domin ya nuna mata inda ƙafarta ba ta kai ba. Jami'in da ya sa aka kama shi don kauce wa jin kunya, ya sani cewa ya koya wa mutanen gari duka su yi shiru, kuma shirun nan ba zai bambanta ranar ƙorafi da ranar gargaɗi ba. Akwai bambanci mai girma tsakanin gurfanar da mutum ɗaya a gaban alƙali bisa hujja, da rufe bakin al'umma baki ɗaya saboda laifin mutum ɗaya.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa sosai shi ne dalilin da ya sa jita-jita ke samun kasuwa. Ba ta samun wurin zama sai inda hukuma ta bar gurbi. Bayanai kam akwai su. Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara. Hukumar Kula da Ruwan Koguna, NIHSA, tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kafin ruwa ya sauka. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda hedikwatarta ke nan Kano, ta san tsayin ruwan Tiga da Challawa. Hukumar Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, da takwararta ta jiha, SEMA, sukan yi gargaɗi. Matsalar ita ce yawancin waɗannan bayanai suna fitowa ne da Turanci, a takarda ko a taron manema labarai, kuma sukan ce "Wudil" ko "Warawa" a dunƙule. Manomin da ke Indabo ko Utai ko Darki ba sunan ƙaramar hukumarsa yake son ji ba. Yana son ya ji ko ruwan zai kai gonarsa, da yaushe, kuma in ya tashi ina zai nufa. Mai saƙon ƙarya kuwa da Hausa yake magana, da murya, cikin minti ɗaya, kuma yakan ambaci sunan gari. Tun daga nan ya riga hukuma.

Saboda haka aikin da ke gaban jami'an ƙananan hukumomi shi ne su shiga wannan fage su riga shi, ba su nemi a rufe fagen ba. Babu abin da zai hana kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma, wanda tsarin NEMA ya tanadi a kafa a kowace ƙaramar hukuma, ya haɗa Hakimi da dagatai da masu unguwanni da limamai da Sarkin Ruwa da shugabannin manoma da na masu yashi a zaure guda na WhatsApp tun kafin watan Yuli. Daga tsakiyar Agusta a riƙa saka saƙon murya safe da yamma, daga bakin mutum ɗaya sananne, wanda zai fara da sunansa da muƙaminsa da ranar da yake magana, ya faɗi halin da kogi ke ciki ko da babu wani sabon abu. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai. Idan jama'a suka saba jin muryar hukuma kullum, ranar da baƙuwar murya ta zo da labarin fashewar madatsa, za su san inda za su tambaya. Idan kuwa hukuma ba ta magana sai ta zo musanta wani, to kullum a baya take, kuma musantawa ba ta tafiya da saurin abin da aka musanta.

Wayar ma ba ta isa ita kaɗai ba. Ruwa yakan kayar da turakun lantarki, ya shiga injinan da ke ƙarƙashin dogayen ƙarafunan sabis, caji ya ƙare. Akwai gidaje da yawa, musamman a tsakanin mata da tsofaffi, da ba su da babbar waya. Don haka saƙon da aka saka a zaure shi ne ya kamata mai unguwa ya ba mai shela, liman ya maimaita a lasifikar masallaci bayan salla, Gidan Rediyon Kano da sauran tashoshi masu zaman kansu kuma su karanta shi yadda yake. Garin da ke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda aka kafa tun 2001, bai kamata ya rasa matasan da za su taimaka wajen tantance ko wani bidiyo na bana ne ko na wata ƙasa ne da aka ɗauka shekaru biyar da suka wuce ba.

Su ma jama'a akwai nasu nauyin. Saƙon da bai faɗi sunan mai magana ba, bai faɗi rana ba, kuma ya ƙare da roƙon a tura wa kowa da kowa don Allah, abin a dakata ne a kansa. A kira mai unguwa ko kansila, ko wani ɗan uwa da ke zaune kusa da wurin da aka ambata, ko lambar gaggawa ta 112 wadda kyauta ce. Amma idan gargaɗin ya fito daga hukuma cewa a tashi, to a tashi, ko da a bara an tashi ruwan bai zo ba. A shekarar 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasar nan, a 2022 kuma fiye da 600, kuma a duka shekarun biyu an yi gargaɗi tun kafin ruwan ya iso.

Abin da ya rage a warware shi ne mahaɗar da ke tsakanin hukumar da ke riƙe da madatsun, wadda ta tarayya ce, da sakatariyar ƙaramar hukuma. Tsakanin lokacin da ruwa ya fara tsallake bakin madatsa da lokacin da zai iso gadar Wudil akwai sa'o'i masu daraja, kuma a cikinsu ne ake kwashe buhunan hatsi, a kora dabbobi tudu, a kai tsofaffi makarantar da aka ware. Ya kamata kafin damina mai zuwa a san, a rubuce, wane jami'i ne a Tiga da Challawa zai yi kiran farko, wa zai ɗauka a Wudil ko da ƙarfe biyu na dare ne, kuma wa zai maye gurbinsa idan wayarsa tana kashe.